An yi mana titi, ruwa ya rasa inda zai bi

Jama'a barkanmu da war haka. Yau maganar titi da lambatu zan yi, dan abin ya daɗe yana ci na a rai, kuma na san ba unguwarmu kaɗai ke cikin wannan halin ba.

Duk wanda ya san Katsina shekaru ashirin baya ya san garin ya fashe. Wuraren da muka sani gonakin gero da wake ne a hanyar Dutsin-ma da hanyar Batsari da ta Jibiya, yanzu duk an yanka fulotai an gine, musamman tunda aka yi titin zobe mutane suka yi ta fita bayan gari. To amma galibin unguwannin nan gini ne ya riga tsari, mai gona ya kira masu awo su yanka mishi a bar ɗan layi siriri, babu wanda ya tambayi ina ruwan sama ke bi in ya sauka. Alhali kowace gona tana da hanyar ruwanta tun kaka da kakanni, manomin ya sani, wanda ya saya ne bai sani ba saboda da rani ya zo ya gani.

Mu namu titin da aka ce za a yi ba ƙaramar murna muka yi ba, har masu shaguna da aka shafa wa jan fenti ba su ja da nisa ba. Katafila ta zo, tifofi suka yi ta juye jar ƙasa ana dannewa ana ƙarawa, kafin a zuba kwalta titin ya ɗara dokin ƙofar gidaje da yawa tsawo. Aka yi lambatu na kankare hagu da dama, kyakkyawa kam, in ka ɗauki hoto sai ka ce Abuja. Matsalar ita ce inda kwangilar titin ta ƙare nan lambatun ma ya ƙare, bakinshi a buɗe yana kallon gidajen da ke gangare.

Ga abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Da can in an yi ruwa, rairayi ne ko'ina, ruwan ya bazu ƙasa ta shanye rabi, sauran ya gangara a hankali. Yanzu kwalta ba ta sha, kwanon rufi ba ya sha, tsakar gida kowa ya shafe da siminti ya fito da bututu waje, duk ruwan unguwar sama sai ya taru a lambatu ɗaya ya taho a guje, cikin 'yan mintoci ya iso ƙarshe ya rasa mafita. Kuma ruwan Katsina kun san halinshi, damina gajeruwa ce daga wajen Yuni zuwa Satumba, amma a watan Agusta sai a yi na awa ɗaya kamar da bakin ƙwarya.

Akwai wata dattijuwa a ƙarshen layin, Inna muke ce mata duk unguwa, gidanta na ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti. Bana 'ya'yanta sun ɗora bulo jeri biyu a bakin zaure sun tara buhunan yashi a gaba, yanzu tsohuwa mai ciwon gwiwa sai ta dafa bango ta haura kafin ta shiga gidanta, jikanta kuma kullum da yamma sai ya nemi wanda zai kama mishi su ɗaga mashin. Duk da haka ruwan ta kwatar gida yake dawowa ciki, ya cika masai ya haɗe da rijiya. Na ce Inna ko za ki koma wajen su Yaya kafin damina ta wuce, ta ce ita ba inda za ta, a gidan ta aurar da 'ya'yanta. In ka duba gindin katangarta za ka ga layin danshi ya kai gwiwa, kuma ginin ƙasa ta gindi yake mutuwa, ba ta sama ba.

Mun tari injiniyan da ke wajen tun ana aikin, mai unguwa da kanshi ya ce ranka ya daɗe wannan ruwan ina za shi? Amsar dai ita ce iya nan takardarshi ta tsaya, ci gaban sai an ba da wani aikin. Ni ban ma ga laifinshi sosai ba, abin da aka auna mishi ya yi. Wanda ya zana aikin a ofis shi ya kamata ya fara daga inda ruwan zai faɗa, korama ce ko babban magudani, sannan ya biyo baya zuwa unguwa. In kuɗin ba su isa ba gara a rage tsawon kwaltar a kai lambatun inda ya dace. Amma kwalta ita ake gani, ita ake yanke wa ƙyalle, shi ya sa.

Mutanen da ba su yi boko ba sun fi mu gane wannan. Kududdufan cikin birni da aka haƙa dan ɗibar ƙasar gini, su ne matarar ruwan unguwa, in an yi ruwa can yake zuwa ya kwanta. Yanzu da yawa an cike su da shara an sayar an gina. Abin da ya rage sai koramu irin Ginzo da ke kwashe ruwan gari, wadda masu lambu a wajajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi ke ban ruwa da ita, ita ma gini na ta matse ta. Ledar fiya wata da yashin gini da ake juyewa a bakin lambatu kuma wannan namu ne, ba gwamnati ta zuba ba.

Kar wani ya ce raina aiki nake. Gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura da aka yi lokacin Masari, wadda Buhari ya buɗe a farkon 2023, duk mai bin wajen ya san ta rage cunkoso. Amma wanda ya tuna ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, dare ɗaya mutum sama da 40 suka rasu, gidaje da dabbobi suka tafi, ya san ruwa a jihar nan ba abin wasa ba ne. Bayan nan an yi manyan magudanai a can ƙarƙashin NEWMAP, shirin magance zaizayar ƙasa na Bankin Duniya. Sai an rasa rai ne za a yi wa ƙananan unguwanni nasu?

Abin da muke nema bai da yawa, a ja lambatun nan ya kai korama, a canza kwalbatin mahaɗar layin da babba dan wanda ke wajen ko yaro ba zai iya rarrafawa ciki ya yashe ba, kuma a yi shi da rani, ba sai hadari ya haɗu a turo katafila ba. Ku kuma da aka fara shafa wa jan fenti a unguwanninku, tun kafin tifa ta fara juye ƙasa ku tashi dattawa biyu uku su taka da ƙafa har inda aka ce aikin zai tsaya, su ga gidan wa ke ƙasa, a yi maganar tun ɗan kwangila bai kwashe kayanshi ba.

Mu dai ranar Asabar bayan la'asar akwai zama a ƙofar gidan mai unguwa, za a rubuta takarda a kai wa kansila da ɗan majalisarmu. Duk wanda ya ɗauki bidiyon ruwan a wayarshi ya zo da shi, masu gidajen gangare kuma a daure a zo da kai, kar a aiko yara.