Kwamfutar da kullum take ranar 1 ga Janairu

Wata Asabar da hantsi ina shagona a Beirut Road, na kwance wata tsohuwar kwamfuta ina hure mata ƙura, waya ta shigo. Wani Alhaji ne mai sayar da shadda a Kantin Kwari. Ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba. Diloli uku sun yi ƙafa daga sitonsa, ba a fasa kwado ba, kuma kyamarori takwas da aka saka masa tun shekarun baya sun ƙi nuna abin da ya faru.

"Injiniya, ga su nan a allo tar, ina ganin kowa yana wucewa. Amma in an nemi na jiya, sai a ce babu."

Na ce, "Alhaji, a kashe kwamfutar kyamarorin yanzu, a zare wayarta daga bango. Kada kowa ya sake taɓa ta sai na iso."

Wannan ce maganar farko da nake gaya wa duk wanda aka yi wa ɓarna. Na'urar naɗar hoto ba ta da hutu, in faifan ajiyarta ya cika sai ta goge tsoho ta rubuta sabo a kansa. Duk mintin da ta ƙara a kunne, wani abu yana tafiya wanda ba zai dawo ba. Sau da yawa kafin a kira ni an riga an kira wani ƙane ko ɗan maƙwabci "mai ilimin kwamfuta", ya kashe ya kunna sau goma, wani ma ya sake loda Windows. Daga nan sai dai a yi wa juna jaje.

Ni da gyaran kwamfuta na fara, kyamara daga baya ta same ni. A wancan lokacin na'urar naɗar hoto kwamfuta ce ta tebur kamar kowace, sai dai a soka mata kati a ramin PCI, wayoyin kyamarori su shigo ta bayansa da kawunan BNC. Katin GeoVision na ƙasar Taiwan shi ne ya yi suna, irin su GV-600 da GV-800, a kan Windows XP. Bayan harin 20 ga Janairun 2012 a Kano, masu otal da gidajen mai da makarantu suka yi ta neman kyamara, muka yi aiki har muka gaji. Daga baya ƙananan akwatunan naɗar hoto da ake kira DVR, na Hikvision da Dahua, suka cika kasuwa, masu araha, ba ruwansu da Windows. Yau in sabon aiki ne su nake sakawa, ko NVR, wato irin akwatin nan mai aiki da kyamarorin IP masu aiko hoto ta wayar netwok. Amma tsofaffin kwamfutocin nan suna nan a sito-sito da ofis-ofis, an tura su ƙarƙashin tebur an manta da su, kuma yaran da suka shigo sana'ar kwanan nan ba su taɓa ganin cikin irinsu ba. Shi ya sa ake nemana.

Na ɗauki babban yarona da jakar kayan aiki muka hau Adaidaita. A ofishin sito muka tarar da Alhaji a tsaye, yaron da ke riƙe da makullin ƙofar gaba kuma yana tsugune a gefe, idonsa ya yi ja. Ɗan 'yar'uwar Alhajin ne. Ba a ce shi ya ɗauka ba, amma kowa a wurin ya san wanda ake kallo.

Ban kunna kwamfutar ba. Na kwance murfinta na ciro faifan, na haɗa shi da tawa, na kwafe shi kaf zuwa wani faifan, ɓangare bayan ɓangare, har da wuraren da Windows ke cewa babu komai. Wannan ya ci sa'o'i, Alhaji yana shiga yana fita yana tambaya ko an gani. A kan kwafin nake bincike, na asali kuwa na naɗe shi na ba shi ya kulle a durowa. Kafin kwafin ya ƙare na duba lafiyar faifan da manhajar CrystalDiskInfo. Ya tsufa, ya yi dubban sa'o'i yana juyi, amma bai fara rubewa ba. To ba shi ne mai laifin ba.

Cikin kwamfutar kuwa ba a magana. Ƙurar hunturun shekaru ta yi kirtani a jikin fanka kamar auduga, kafasita biyu (ƙananan kayan da ke riƙe wuta) a madabod, babban farantin da komai na kwamfuta ke haɗuwa a kansa, sun kumbura kai. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, kwamfuta tana aiki dare da rana a ɗakin da ba taga, abin mamaki shi ne da ta kai haka da rai.

Da na buɗe kwafin sai na ga abin da ya ɗaure mini kai da farko. Hotunan watannin baya suna nan cif, kowace rana da foldarta, har zuwa wata rana a tsakiyar damina. Daga nan shiru. Sai wata folda guda can a sama mai kwanan wata 1 ga Janairu 2010, shekarar da ko siton ma ba a kama haya ba.

Na juya wajen yaron mai makulli. "Kai ne kake kunna ta da safe?"

Ya ce shi ne. Batiran inbata sun yi sanyi, suna kai ta har wajen asuba sai su mutu. In ya zo da safe ya tada inji, sai wani farin rubutu ya fito a baƙin allo ya tsaya.

"Sai ka yi yaya?"

"Sai in danna F1, Oga. Sai ta wuce."

"Tun yaushe?"

"Tun damina."

Nan na gane. A jikin kowane madabod akwai ɗan batiri mai kamar kwabo, CR2032, bolt 3. Aikinsa ya riƙe agogon kwamfuta lokacin da babu wuta. Na sa masa mita, ko bolt ɗaya bai kai ba. Kwamfutar ba ta haɗe da intanet balle ta gyara agogonta da kanta. Saboda haka duk safiyar da yaron ya danna F1, ita a wajenta ƙarfe 12 na dare ne, 1 ga Janairu 2010. Watanni tana wayar gari a rana ɗaya.

Ɓarnar ba a nan ta tsaya ba. Manhajar naɗar hoton tana goge fayil mafi tsufa in wuri ya ƙare, kuma da kwanan wata take gane tsufa. Hoton da ta ɗauka yau da safe yana ɗauke da 2010, na damina yana ɗauke da shekarar da muke ciki. Sai ta riƙa cinye na yau tana tattalin na damina. Allo kuwa yana nuna komai tar, domin hoton da ake gani kai tsaye daga kati yake zuwa, bai bi ta faifai ba. Alhaji kullum yana shigowa ya ga ƙofofinsa takwas a allo, hankalinsa ya kwanta.

Na yi masa bayani sau biyu. Ya kalli batirin a tafin hannuna, abin da kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba, ya ce, "Wannan? Wannan ne?" Bai ƙara ba.

Abin da ya rage a foldar 2010 guntaye ne na ƙarshen dare, sa'o'in da ke da lamba mafi girma a agogon ƙarya, waɗanda gogewar ba ta kai kansu ba tukuna. Da an bar ta a kunne zuwa washegari, da na daren da muke nema sun bi sahu. Sai dai guntayen na darare daban-daban ne a cakuɗe, duk da kwanan wata ɗaya. Abu biyu suka cece mu. Kyamara ta biyu tana kallon wani agogon bango na talla da ke rataye a ƙofar ofis, ana iya karanta hannayensa ko a hoton dare mai fari da baƙi. Kyamara ta biyar kuma tana kallon jerin dilolin. Muka zauna ni da yarona muna buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya, shi yana karanta agogo, ni ina ƙirga diloli a layin sama. Tara, tara, tara. Bayan la'asar muka faɗa kan wanda ya fara da tara ya ƙare da shida.

Ƙarfe 3 da minti 20 a agogon bango, mutum biyu suka shigo hoton daga ɓangaren baya, fuskokinsu a naɗe. Ba su yi lalube ba, kai tsaye suka nufi layin shadda mai tsada. Kyamarar ƙofar gaba a daidai wannan lokacin tana nuna ƙofa a rufe, kwado a rataye, ba wanda ya kusance ta.

Alhaji ya ce a nuna masa kyamarar ƙofar baya. Na buɗe, baƙi ƙirin. Na duba sauran dararen, haka take. Da rana kuwa lafiyarta lau, shi ya sa ba wanda ya taɓa lura. Wannan ciwo na san shi. Wanda ya yi aikin farko ya ja wutar bolt 12 daga ofis har bayan gini da siririyar waya, tafiya mai nisa. Da rana kyamara ba ta jan wuta sosai, abin da ya iso ya ishe ta. Da duhu ya yi sai fitilunta na infrared, na gani a duhu, su kama, jan wuta ya ƙaru, bolt ya zube a hanya, ta suma sai gari ya waye. Bayan magariba na hau tsani na auna a bakin kyamarar, tara da ɗan ɗori na samu. Adafta ɗaya kusa da ita ya magance abin da ya yi shekaru.

Ina da ƙorafi a kan 'yan sana'armu a nan. Ana karɓar aiki da rana, a gwada da rana, a karɓi kuɗi kafin la'asar. Ɓarawo kuma ba da rana yake zuwa ba. Ni ba na miƙa aiki sai na dawo bayan isha na ga kowace kyamara a duhu, na kuma sa mai wurin ya nemo hoton jiya da hannunsa ina tsaye. Wasu suna ganin ɓata lokaci ne. Haka kuma maganar girman faifai, da yawa ba sa yi wa mai kaya lissafi. Kyamara ɗaya mai megabit 2 a daƙiƙa tana cin kusan gigabait 21 da rabi a yini. Takwas sun haura 170. Faifan terabait 1 ba zai kai kwana shida ba. Mai shago yana zaton yana da hoton wata guda, sai ranar da ya nema. In ana son sati uku sai terabait 4, kuma irin wanda aka yi don wannan aikin, WD Purple ko Seagate SkyHawk, ba wanda aka ciro daga tsohuwar kwamfutar ofis ba.

Alhaji ya sa na maimaita masa guntun nan na mutum biyu har sau huɗu. A na ƙarshe ya matso da fuskarsa dab da allo, yana kallon na bayan, wanda yake ɗan jan ƙafar hagu in ya ɗauki nauyi. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce in zuba masa a filash.

Na gaya masa gaskiya cewa in maganar za ta kai kotu, akwai aiki. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman takardar da ke tabbatar da cewa kwamfutar da ta fitar da hoton tana aiki yadda ya kamata, ga shi tamu tana rantsuwa cewa a 2010 abin ya faru. Zan iya rubuta bayanin batirin da na agogon bango in sa hannu, amma lauyan ɗaya ɓangaren zai sami abin riƙewa. Ya ce, "Ba za ta kai can ba, Injiniya." Ban tambaye shi dalili ba, ba hurumina ba ne.

Washegari muka dawo muka yi gyaran. Sabon batiri, na saita agogo, na kunna wurin da ke cikin BIOS, wato saitin farko na madabod, mai sa kwamfuta ta tashi da kanta in wuta ta dawo, na sa manhajar ta fara naɗa ba sai an danna komai ba. Muka canza kafasitocin nan biyu, muka wanke fankoki, muka ɗaga kwamfutar daga ƙasa zuwa kan kanta. A cikin faifan C na tarar da finafinan Indiya da wasan ƙwallo da masu gadi suka zuba, na goge, na toshe ramukan USB na gaba, na sa kalmar sirri. Windows 7 ce a kai, wadda Microsoft ta daina yi wa gyara tun Janairun 2020, don haka na hana a haɗa ta da intanet ko da wasa. Na ce masa wannan kwamfutar shekara ɗaya ko biyu ya rage mata, gara a fara tanadin NVR, batiran inbata kuma su ne gaba da komai.

A nan muka yi ciniki mai zafi. Mutumin da ya yi asarar diloli uku na shadda ya tsaya yana neman ragi a kan kuɗin batiran inbata. Ya amince da biyu a maimakon huɗu, NVR kuma ya ce sai bayan Sallah. Kuɗin aikina ma sai da ya yanke wani abu, wai ai batirin agogo kawai na canza.

Yaron yana nan a sitonsa, makullin ma yana hannunsa. Na koya masa ya riƙa duba abu biyu kowace safiya: kwanan watan da ke ƙasan allo, da hoton daren jiya na kyamara ɗaya, kowace ya ga dama. Duk ranar Asabar yana ɗaukar allon a waya ya turo mini ta WhatsApp ba tare da ya rubuta komai ba. Na makon jiya ya nuna kyamara ta bakwai ta yi hazo, da alama gizo-gizo ya yi saƙa a bakin gilashin, ranar Talata zan aika yarona da tsani.