Asabar a Glasgow Green, ni yadi na je kallo

Yau aka yi gasar duniya ta masu busa algaitar Sikotland a filin Glasgow Green, nan bakin kogin Clyde, duk watan Agusta ake yinta. Tun safe ake yayyafi amma filin ya cika maƙil, ƙungiyoyi daga Kanada, Ostireliya, Niyuzilan, Amurka, Ireland ta Arewa, ga na gida ba adadi. Kowa ya zo jin busa da ganga, ni kuma ɗan da ya tashi a shagon yadi a Kantin Kwari ai ba sai an faɗa ba, idona na kan abin da suka ɗaura.

Sunan yadin tartan, ɗinkin kuma kilt, wannan da maza ke ɗaurawa iya gwiwa. Ulu ne zalla mai nauyi. Abin da ya fi burge ni shi ne zanen ba bugawa ake ba, saƙawa ake, a jera zaren tsaye kala-kala da ƙidaya sannan a bi da na kwance da wannan ƙidayar dai, inda ja ya haɗu da ja ya fito ja sak, inda ja ya ratsa shuɗi sai wata kala ta uku ta fito wadda babu zarenta a masaƙar sam. Na daɗe tsaye bayan wata ƙungiya suna gyara sautin algaitunsu ina ta kallon wannan abu.

Wajen azahar ruwa ya ƙaru na fake a rumfar wani dattijo mai ɗinka kilt, ya ga yadda nake murza yadi da yatsa ya gane na san kaya, hira ta ɓarke. Ya ɗauko min ƙyalle uku ya jera, yace duk zane ɗaya ne. Wallahi sai ka ƙura ido za ka yarda. Na farko kalolinsa sun yi duhu sun ji rini, irin wanda aka samu bayan rinin kemikal ya fito wajen 1856. Na biyu ya yi haske, jan ya koma ruwan lemo, wai kwaikwayon rinin itatuwa na da. Na uku kamar ya shekara cikin ƙasa, koren ya koma ruwan ƙasa shuɗin ya koma toka-toka. Ƙidayar zaren ce ba ta motsa ba. Yace ƙungiya takan sauya kamanninta gaba ɗaya ta wannan hanyar alhali sunan tartan ɗinta na nan.

Na tambaye shi to me ke sa su sauya tun farko. Yace yawanci kuɗi ne. Kilt ɗaya na cin yadi wajen takwas saboda tattarar da ake yi a baya, kowanne fam ɗaruruwa, ƙungiya babba kuma mutum arba'in ko fi, in an ɗauki sabbin yara aka je masaƙa sai a tarar rinin bana bai zo daidai da na shekara goma baya ba, a layi kuwa bambancin fitowa yake ƙuru-ƙuru. To in dai za a ɗinka wa kowa sabo sai wasu su ce gara mu zana namu na kanmu. Wasu kuma haɗewa suka yi da wata ƙungiya, ko sun samu mai ɗaukar nauyi. Har tattarar bayan ma iri biyu ce, ko a ninke yadda zanen zai fito cikakke kamar na gaba, ko a bi layi ɗaya ya riƙa fitowa a kan kowane ninki, wannan na biyun salon soja ne, kuma da suna maci daga baya na ga bambancin sosai.

Ga tarihin abin ma akwai daɗi. Bayan yaƙin Culloden a 1746 gwamnatin Birtaniya ta hana mutanen tsaunukan Sikotland sa wannan kaya, sai 1782 aka janye dokar, amma sojoji ba ta hau kansu ba, shi yasa zanen soja irin Black Watch mai shuɗi da kore da baƙi ya kafu. Sai 1822 Sarki George na huɗu ya zo Edinbara ya sa kilt da kansa, daga nan kowane babban gida ya tashi neman nasa zanen. Jan nan mai ƙyalli, Royal Stewart, shi masu busa na rundunar sojan Scots Guards ke sawa. Ko a 2006 da aka haɗe wasu rundunonin Sikotland shida suka zama guda aka ba kowa tartan ɗaya, masu busa da kiɗa an bar musu na tsofaffin rundunoninsu, kuma ni a ganina an kyauta. Wannan algaitar ce dai ta biyo Turawa har ta shiga badujalar sojojinmu a gida.

Abin da bai min daɗi ba, ƙungiyoyi da dama sun koma toka-toka da baƙi da ɗan ratsin shunayya. Daga kusa yana da kyau ba ƙarya, an yi aiki. Amma daga nesa cikin hadarin nan duk sai su zama abu ɗaya. Ni ina son yadin da zai gaya maka ko su waye tun kafin su iso, kamar yadda ja da koren dogarai ke gaya maka sarki na tafe. Da wata ƙungiya mai jan tartan ta shigo da'irar gasa sai da filin ya haskaka. Sauran kayan ma an rage, hular gashin jimina da mayafin kafaɗa sai wajen biki, a gasa falmaran ce da farar riga da ƙaramar hula, wannan kam na fahimta, mai busa na buƙatar hannunsa ya sake.

Da na dawo ɗaki na tura wa Yaya hotunan ƙyallayen a WhatsApp, nan take ya kira, yace ulu dai ba zai sayu a Kano ba amma za a iya buga zanen a auduga? Nace Yaya ku bi a hankali, tun 2009 akwai rajistar tartan ta gwamnati a Edinbara, ana rubuta kowane zane da ƙidayar zarensa da sunan mai shi, wasu na ƙungiyoyin nan an rubuta ba mai saƙawa ko sawa sai da izininsu. Black Watch da Royal Stewart kam kowa na sawa. Yace in sayo masa ƙyallen waɗannan biyun in aiko da duk mai tahowa.