Kujerar da ba ta je ko'ina ba

Yau na kai yara wurin wasa, muka shiga ɗakin nan mai kujeru masu motsi da ƙaton majigi a gaba. Aka ɗaura mana bel, aka kashe fitilu. Da hoton ya nuna mun zabura da gudu, sai kujerar ta ɗan kwanta baya, na ji an manna ni da jikinta. Dabarar ke nan: ƙarafan ƙasa suna karkata kujerar, ido yana ganin gudu, cikin kunne yana jin karkatar, ƙwaƙwalwa ta yarda tafiya ake yi.

Da muka zo gangarowa daga kan dutse, iska ta bugo mana fuska, autata ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga fatata. Na juya zan ce ta rufe ido, sai na ga idanunta tar, tana ƙyalƙyala dariya tana cewa, "Baba, kar ka sake ni!" Wallahi abin ya taɓa ni. Tsoro take ji sosai, amma ba ta so a tsaya. Ina fata ta daɗe tana neman hannuna idan abu ya razana ta.