Kifi ma yanzu ana dasa masa na'ura a ciki

Jiya da daddare na tsaya karanta yadda masu bincike ke dasa wa kifi 'yar na'ura a ciki, wallahi abin ya tsaya min a rai. Kifi dai ba ya kuka ba ya tari, in ciwo ya kama shi sai dai ka ga ya taso ciki sama, lokacin kuwa an makara.

To shi ne ake sa masa maganin barci a ruwa, a ɗan tsaga cikin a tura na'urar a ɗinke. Wata tana auna bugun zuciya, wata zurfin da yake shiga da motsinsa, in zuciyar ta dinga bugawa da sauri saboda cunkoso ka san yana shan wahala tun kafin ka gani da ido. A Norwe an gwada wannan a kifin salmon na kiwo.

Abin da ya fi burge ni yadda saƙon ke fitowa. Siginar rediyo ba ta nisa a ruwan gishiri, sai aka koma sauti, na'urar tana fitar da ƙara wajen kilohaz 69 (wato girgizar sauti sau dubu 69 a daƙiƙa ɗaya), wata a cikin ruwan tana saurare.

Inda nake da ja, kifin da aka yi wa tiyata anya halinsa bai canza ba kuwa? Su dai masanan sun saba cewa kar nauyin na'urar ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin kifin.