Abin da na koya a kwamitin tattakin coci

Duk watan Oktoba, coci-coci da dama a jihar Pennsylvania ta Amurka suna fita tattakin tara kuɗi da ake kira CROP Hunger Walk. Ƙungiyar Church World Service ce ke ɗauke da shi, wadda majami'u suka haɗu suka kafa a 1946 don ciyar da waɗanda yaƙin duniya na biyu ya ɗaiɗaita. Shi tattakin a 1969 aka fara shi. Lokacin da nake karatu a yankin Lancaster, ikilisiyar da nake sujada a cikinta ta sa ni a kwamitin shiryawa, aka damƙa mini rajistar masu tafiya.

Tsarin ba wuya. Kowa ya bi dangi da abokan aiki su yi masa alkawarin kuɗi, ran Lahadi bayan sujada a fito a taka 'yan kilomitoci. Kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka tara yana tsayawa a garin don ciyar da mabuƙata, sauran ya tafi ayyukan ƙungiyar a wasu wurare. Abin ya so ya ba ni dariya: mai mota biyu a ƙofar gida ana biyansa don ya yi tafiyar da mata a ƙauyenmu ke yi kullum zuwa rijiya. Masu shiryawar ma sun san da haka, shi ya sa suke cewa suna tafiya ne domin wasu tafiyar ta zame musu dole.

A wurina sunayen da ke cikin rajistar sun fi kuɗin daraja. A lokacin, idan iyalin 'yan gudun hijira suka sauka a garin daga Kwango ko Siriya, tallafin farko na gwamnati na kwana 90 ne kawai. A cikin wannan ɗan lokaci ana neman gidan haya, katifa, tukwane, wanda zai kai yara makaranta, da wanda zai zauna da uwa a asibiti. Rajistar nan muke buɗewa mu yi ta buga waya. Wanda ya taɓa ba da yammacin Lahadinsa ba ya cika cewa a'a.

Da yake ni ɗan Najeriya ne, sau da yawa akan ce in yi magana. Akwai dalili: Church of the Brethren, wata ɗarikar Kirista ta Amurka wadda mishan ɗinta suka sauka Garkida a 1923, ita ce uwar EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, kuma mutanen Lancaster sun san Boko Haram ta mamaye hedikwatar EYN da ke Kwarhi a Oktoban 2014. Wasu sun ɗauka mutanen Gwoza za a kwaso a kawo Lancaster. Sai na riƙa gaya musu cewa ko ɗaya cikin ɗari na 'yan gudun hijirar duniya ba ya samun wannan dama, kuma wanda ya tsaya a Yola ko Maiduguri bai ƙetare iyaka ba, ba ya cikin lissafin sam. Na sansanin Minawao a Kamaru ma suna nan zaune. Labarin kisa kan sa hannu ya shiga aljihu da sauri, amma na fi son in yi musu zancen iri da taki da kwanon rufi da kuɗin makaranta.

Inda aka kai ruwa rana shi ne batun yi wa hukuma magana. A Amurka shugaban ƙasa ne ke yanka adadin 'yan gudun hijirar da za a karɓa kowace shekara. Obama ya sa 110,000 na 2017. Trump ya mayar da shi 45,000 na 2018, sannan 30,000, sannan 18,000, har ya kai 15,000 na 2021. Katifun da muka tara suka yi ta shan ƙura a ɗakin ajiya, babu mai kwana a kansu.

Wasu a kwamiti suka kawo shawarar a ajiye tebur a ƙarshen tattakin, kowa ya sa hannu a kati zuwa ga ɗan majalisarsa. Wani dattijon ikilisiya, wanda kullum baikonsa ya fi na kowa, ya ce atafau kada a shigo da siyasa gidan Allah. Ban ga laifinsa ba, don a gida mun ga yadda 'yan siyasa suka mayar da bagadi wurin kamfe. Sai dai neman a buɗe wa baƙo ƙofa daban, tallar ɗan takara daban, kuma dokar harajinsu ta 1954 ɗan takarar ta hana coci goya wa baya, ba magana a kan manufa ba. Aka daidaita a kan a kafa teburin a waje, ba sunan jam'iyya. Waɗanda suka sa hannu ba su kai rabin waɗanda suka taka ba.

A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da shirin karɓar 'yan gudun hijira. Church World Service tana cikin waɗanda suka maka ta a kotu.