Mura mai tsanani da cutar korona ba abu ɗaya ba ne

Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura ta lulluɓe Garwa da Marwa har zuwa Kusiri, da wuya ka shiga gida ba ka ji wani yana tari ko atishawa ba. Tun da aka tabbatar da ɓullar korona a Kamaru ranar 6 ga Maris 2020, na sha jin mutanenmu a majalisa da kasuwa suna cewa ai mura ce kawai aka sauya mata suna. Wannan magana tana damuna ƙwarai, domin tana sa a raina cututtuka biyu waɗanda kowaccensu kan yi kisa.

Murar da nake nufi ita ce mai kwantar da mutum da zazzaɓi, wadda likitoci ke kira infuluwenza. Ita da korona duk ƙwayoyin bairos ne ke haddasa su, amma danginsu daban, shi ya sa rigakafin ɗaya ba ya kare mutum daga ɗayar. Da fari sun yi kama sosai: zazzaɓi, tari, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi da kasala, kuma dukansu ta numfashi da feshin tari suke yaɗuwa. Mura takan bayyana kwana 1 zuwa 4 bayan an kamu, sau da yawa farat ɗaya, mutum ya fita da safe garau ya dawo da yamma yana rawar ɗari. Korona kuwa tana iya ɗaukar kwana 2 zuwa 14, kuma mai ita yakan yaɗa ta kafin shi kansa ya san ba shi da lafiya, abin da ya sa ta fi saurin bazuwa a wurin biki ko cikin motar haya mai cunkoso.

Babban bambancin yana ga abin da ke biyo baya. Mai mura yakan samu sauƙi cikin mako guda, ko da tarin ya ɗan jima. Mai korona kuwa yana iya ganin kamar ya fara warkewa, sai a mako na biyu numfashi ya sarƙe masa. Korona ta fi mura jawo daskarewar jini a jijiyoyi, ta fi ta ɗauke jin ƙanshi da ɗanɗano, kuma takan bar wasu da gajiya da mantuwa na tsawon watanni. Tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini su ta fi yi wa illa. Amma kada wannan ya sa a ɗauki mura da wasa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a kowace shekara, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu juna biyu suna cikin waɗanda ta fi barazana gare su.

Ido ba ya raba mura da korona, ko da idon likita ne. Gwajin majinar hanci ne ke tabbatarwa. Cibiyar Pasteur ta Kamaru, mai reshe a Garwa, ita ce ke bin diddigin ƙwayoyin mura a ƙasar nan. Magungunansu ma daban: oseltamivir na mura ne, kuma ya fi amfani idan an fara shi cikin kwana 2 na farko, ba ya yi wa korona komai. Allurar mura kuma sabunta ta ake yi duk shekara saboda ƙwayar tana sauya kama.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗabi'armu ta zuwa wurin masu sayar da magani a bakin titi da zarar jiki ya yi zafi, a haɗo mana amoksisilin da maganin zazzaɓin cizon sauro a leda guda. Amoksisilin da ire-irensa ba sa kashe bairos ko kaɗan, sai dai su ƙara wa wasu ƙwayoyin cuta taurin kai. A yankinmu, mai zazzaɓi ya fara yin gwajin cizon sauro, wanda ba ya wuce 'yan mintoci. Idan gwajin ya nuna babu zazzaɓin cizon sauro, sai ya huta, ya sha ruwa da yawa, ya sa takunkumi, ya kuma nisanci tsofaffin gida da jarirai.

Idan numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya ɗaure, ko hankali ya fara gushewa, ko yaro ya ƙi nono yana numfashi da sauri, a kai shi asibiti nan take ba tare da jiran sanin wace ce daga cikin biyun ba. Haka kuma idan wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi, domin rani lokacin sanƙarau ne a wannan yanki.