Daren gala a jirgin ruwa, ni dai babbar riga zan sa

Kusan duk kamfanonin manyan jiragen ruwan nan na yawon buɗe ido yanzu sun sassauta maganar shiga, abin da a da yake dole ya koma in ka ga dama, kuma gaskiya abin yana damuna. Na san a nan Damagaram wani zai ce ina ruwanmu da teku, mu da ko Yamai sai mun ci kusan kilomita 900 kafin mu isa, ga biza ta Turai ta zama abin da ta zama. Haka ne. Amma akwai namu da yawa a Faransa da Beljiyam da Amurka, akwai alhazai 'yan kasuwa da 'ya'yansu ke saya musu tikiti su ce Baba je ka huta, kuma ni ɗan gidan masu ɗinkin hannu ne a Birni, na buɗe ido na ga allura da zare a zaure, don haka duk inda aka taɓa maganar sutura an taɓa ni.

Ga wanda bai san yadda abin yake ba. Kafin jirgin sama ya ƙwace hanya, da jirgin ruwa ake tsallake tekun Atlantika, kuma masu kuɗin da ke aji na farko ba sa zama cin abincin dare sai sun canza kaya, maza baƙar kwat da farar shat da ɗan karabat ɗin nan mai kama da malam-buɗe-littafi, mata doguwar riga har ƙasa da sarƙoƙi. Daga 1958 da jiragen sama masu jet suka fara jigila tsakanin Amurka da Turai sai kasuwar ta faɗi, kamfanonin suka juya zuwa yawon shaƙatawa, amma suka riƙe al'adar, sai dai suka rage ta. A tafiyar mako guda yawanci dare biyu ake warewa, shi ne daren gala, ranar kyaftin ɗin jirgi yake fitowa cikin fararen kayansa ya gaisa da fasinjoji, masu hoto su kafa fitilu a kowane lungu, kicin su fito da abincin da suka fi ji da shi. A da in ka zo ƙofar babban ɗakin cin abinci ba kwat mayar da kai za a yi, cikin ladabi dai amma za a mayar da kai.

To a shekarar 2000 kamfanin Norwegian Cruise Line ya fito da tsarin da ya kira Freestyle Cruising, wato ka ci abinci lokacin da ka so, da wanda ka so, ba dolen kwat. Tun daga nan sauran suka fara bin sahu sannu sannu. Celebrity Cruises a 2015 suka soke daren dole ɗin suka maye shi da wani abu mai suna Evening Chic wanda ko wandon jins mai kyau ka sa ka wuce, Carnival nasu suna ce masa Cruise Elegant kuma kwat ba dole ba ce, Virgin Voyages kuwa da suka fara ɗaukar fasinja a 2021 ba su ma shigo da dokar ba sam. Waɗanda suka fi riƙe abin su ne Cunard na Ingila, masu Queen Mary 2, jirgin da ya fara aiki a 2004 yake tsallakawa daga Southampton zuwa New York cikin dare bakwai, su har yanzu in shida na yamma ta yi akwai irin shigar da ake so a gan ka da ita a yawancin wuraren jirgin, daren gala kuma ba wasa.

Ba zan ce kamfanonin ba su da dalili ba. Mutum zai hau jirgin sama kafin ya kai tashar jirgin ruwa, an ba shi kilo 23, kwat da takalminta kawai sun cinye masa gefe guda na waliz. Ga yara, don yanzu iyalai ne suka cika jiragen, wa zai tsaya ɗaure wa yaro ɗan shekara biyar karabat yana kuka. Su kansu Turawan da yawansu sun daina sa kwat ko a wurin aiki, wani ba shi da ita ma a gida, ka ce sai ya saya ko ya yi haya don dare biyu? Kuma kamfani kuɗi yake nema, duk abin da zai sa mutum ya fasa sayen tikiti cire shi za su yi. Wannan duk na fahimta, kuma dokar da za ta hana talaka da ya yi shekara yana tara kuɗin hutunsa shiga ɗakin abincin da ya biya, ni ma ba na bayanta.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauka tunda an cire dole to shikenan an cire dalilin yin abin.

Yayata tana aure a Marseille, ita da mijinta ne suka ɗauke ni muka shiga irin wannan jirgi, wanda yake tashi daga Marseille ɗin ya zagaya ta Genoa ta Italiya da Barcelona ya dawo. Tun ina gida mijin nata ya kira ni ta WhatsApp ya ce ƙanena akwai fa daren gala, amma kada ka damu yanzu ba a matsawa, in kana so in ka zo mu shiga kanti in saya maka kostim. Na yi godiya, na je na faɗa wa Kawu, ƙanen babanmu wanda shi ne ya rage a cikin manyan da suke ɗinkin hannu a gidanmu. Yana zaune a tabarma da tabaransa a kan hanci, bai ko ɗago ba ya ce, kai yaro, Bature in zai girmama taro kayan ubansa yake sawa, kai kuma sai ka je ka aro na uban wani? Na ce Kawu to ai shi ya sa na zo. Ya ce je ka kasuwar Dole ka samo shadda ta kirki, ba mai sheƙin banza ba, sauran ka bar mini.

Farar Getzner na sayo, na ji kuɗin a jikina ba ƙarya. Tela ya haɗa riga da 'yar ciki da wando, Kawu ya zauna mata da aikin aska biyu da zare ruwan madara, kullum bayan la'asar sai ya jawo ta ya ɗora a gwiwa, yana bin zanen da ya yi da tawada, allurar tana shiga tana fita ba gaggawa, in ya gama gida ɗaya ya shafa da babban yatsa ya duba a hasken ƙofa. Da aka gama aka kai wa masu bugu, suka shimfiɗa ta a kan gungumen nan suna sauke mata tabarya su biyu, ɗaya ya ɗaga ɗaya ya sauke, har ta kwanta ta yi santsi tana ɗaukar ido, suka ninke ta murabba'i kamar yadda suka saba.

Daren da aka ce gala ce mun sauko wajen ƙarfe tara saura don sau biyu ake zaman cin abincin dare kuma mu muna cikin zama na biyu. Ɗakin abincin hawa biyu ne, tebura da fararen mayafai, kowane wuri cokula da wuƙaƙe an jera su reras. Mutanen kuwa kashi kashi, ga wani dattijo ɗan Italiya cikin baƙar kwat yana riƙe da hannun matarsa da take tafiya da sanda amma ta sa doguwar riga shuɗiya da 'yan kunne, ga wasu da shat mai kyau ba karabat, ga kuma wasu da tishat da takalmin ƙwallo kamar yanzu suka taso daga bakin wurin iyo, kuma ba wanda ya ce musu uffan. Yaya ta sa leshi ruwan zuma ta kafa ɗauri ta yafa gyale, mijinta kostim, ni kuma riga da hula ƙube. Ba zan ɓoye ba mutane sun juyo. Dattijon nan da muka zo wucewa ya ɗan sunkuyar da kai ya sa hannu a ƙirji, ni ma na yi masa haka, ba mu da yare ɗaya amma mun gane juna sarai, shi ya fito da nasa ni na fito da nawa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne yaron da yake kula da teburinmu, ɗan Indonesiya, Musulmi. Yana ja mini kujera ya yi mini sallama a hankali, na amsa, fuskarsa ta washe. Daga baya da ɗan Ingilishin da mijin Yaya yake ji muka fahimci watanninsa nawa rabonsa da gida, don su ma'aikatan nan, yawancinsu 'yan Filifin da Indonesiya da Indiya, kwantiragin wata shida zuwa tara suke yi a kan ruwa, aiki kullum ba Juma'a ba Lahadi. Ranar gala sai an ƙara musu aiki, su canza kaya su sa na musamman, su goge kofuna, su ninke tawul ɗin tebur ya zama kamar fure. To mutumin da ya yi maka wannan shiri duka, kai kuma ka zo masa da rigar da ka yini da ita a rana tana warin man shafawa na bakin ruwa, ni a wurina akwai rashin kara a ciki, ko da kuwa doka ta ba ka dama.

Mu a nan mun san kwalliyar taro ba don kanka kake yin ta ba. Ranar hawan sallah ba wani dogari da yake tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Damagaram yana duba rigar mutane, amma ko mai tura ruwa sai ya fito da wadda ya adana, an wanke an yi guga, saboda yana girmama ranar da mutanen da zai gani. Ba tsadar ba ce, a ga dai ka yi ƙoƙari. Shi ya sa nake jin ciwo in na ga samarinmu yanzu a wurin ɗaurin aure da rigar ƙwallo mai sunan wani ɗan wasa a baya, ana raba goro da dabino suna tsaye a gefe, kuma wallahi ba rashi ba ne don wayar da ke hannunsu ta fi kuɗin shadda.

Kuma wani abu da yawancin namu ba su sani ba, kamfanonin da suke riƙe da dokar ma ba su ce lalle sai kwat ba. Kamfanin P&O na Ingila sun rubuta a ƙa'idarsu cewa kayan girma na ƙasar mutum karɓaɓɓu ne a daren, shi ya sa za ka ga ɗan Scotland da zanensa mai ratsi ratsi, Ba'indiya da sari. To babbar riga ina ta gaza? Ba alfarma aka yi maka ba, kana cikin ƙa'ida ɗari bisa ɗari. Kowa ya bar gida gida ya bar shi, kuma abin takaici ne ka ga Alhaji mai shekara sittin wanda bai taɓa ɗaura karabat ba an cusa shi cikin kwat ɗin da ta matse masa hammata, yana ta jan wuya duk daren, alhali a gida yana da riguna a akwati waɗanda in ya sa su sai an tashi an ba shi wuri.

Sai dai rigar tana da nata sharuɗɗa a cikin jirgi, gara in faɗa. Na farko ba a yarda da dutsen guga a ɗakin kwana ba, saboda gobara ita ce babban abin tsoro a kan teku, in ka sa shi a kaya za su gani a na'urar bincike su karɓe sai ranar sauka. Wasu jiragen suna da ɗakin wanki da guga na fasinja, wasu kuma sai dai ka ba ma'aikata ka biya, ni kuwa ba zan ba wanda bai san shadda ba rigar da aka yi wa bugu ya ɗora mata tururi ya kashe mata sheƙi ba. Ka bar ta a ninkin masu bugu, ka sa ta a leda a can ƙasan waliz inda ba za ta motsa ba, layin ninkin nan da yake fitowa in ka ware ta ai ado ne ba aibi ba. Na biyu hannun riga, ka saɓa shi a kafaɗa tun kafin ka zauna, don teburin cike yake da kofuna masu dogon wuya kuma miya ake fara kawowa. In an zagayo da tire a wurin gaisawa da kyaftin yawanci giya ce a kai, ka ce a ba ka lemo, suna da shi, ba wanda zai kalle ka. Sannan in ka ci ka ƙoshi ka ce bari ka hau sama ka sha iska, to ka riƙe hularka da kyau ka tattare rigar, iskar teku da dare ba irin ta hunturunmu ba ce, tana shiga riga ta cika ta, kuma benayen waje sukan jiƙe.

Mata su nasu ya fi sauƙi ta wani wajen, leshi ko shadda ko atamfa mai kyau duk sun shiga, abaya mai aiki ma haka, kuma Yaya ta ce ita abin da ya fi mata daɗi shi ne a daren doguwar sutura ita ce ado, ba wanda yake mamakin ganin mace a rufe har ƙasa. Takalmi ne dai ta ce a kula, mai tsini sosai ba ya jituwa da jirgi in teku ta ɗan motsa.

Masu tishat ɗin nan ban raina su ba, kuɗinsu suka biya kuma hutunsu ne, akwai ma ɗakin bufe a sama, inda kowa ke zuba wa kansa abinci, wanda ba ruwansa da gala ga duk wanda ba ya son takura. Mijin Yaya ma cewa yake nan da 'yan shekaru abin zai ɓace gaba ɗaya in ban da jirage irin na Cunard, wataƙila gaskiyarsa. Ni dai na riga na gaya musu in Allah ya sake nufa da tafiyar da Inna za mu je, kuma na kai wa Kawu wata shaddar, shuɗiya wannan karon, ya ce aska takwas zai yi mata amma kada in dame shi da tambayar yaushe za a gama.